Cigiyar yaro a gidajen rediyon Damagaram: inda take aiki da inda take tsayawa

A Damagaram, idan yaro ya ɓace, kafin uwa ta gama leƙa gidajen maƙwabta wani ya riga ya ce a kai cigiya rediyo. Shawara ce mai kyau, kuma mun yarda da ita. Amma cigiya hidima ce da ake biya, kuma mai biyan yana cikin halin da ba ya iya tsayawa ya tambayi abin da zai samu a bakin kuɗinsa. Hukuncinmu a kanta shi ne: ga yaron da ƙafarsa ta kai shi, wanda ya bi ayarin biki ko ya saki hannun yayarsa a kasuwa, babu abin da ya fi ta sauri a garin nan. Ga yaron da hannun mutum ya ɗauka kuwa, ita kaɗai ba ta isa ba, kuma iyalai da yawa suna gane haka ne bayan kwanakin da suka fi tsada sun wuce.

Garin yana da tashar rediyon gwamnati ta jiha, yana da masu zaman kansu irin su Anfani da Shukura da Alternative. Maganarmu ba a kan tasha ɗaya take ba, a kan aikin cigiyar ne kansa yadda aka saba yin sa.

Tsarin ba shi da wuya. Ana zuwa tashar, a nemi wanda ke karɓar sanarwa, a ba da bayani ya rubuta ko a miƙa wanda aka rubuto daga gida, a biya. Kuɗin yana bin yawan karantawa, kuma kowace tasha da farashinta. Abin da mutane ke mantawa su tambaya shi ne lokaci. Sanarwa tana da filinta a jadawalin tasha, ana tara ta tare da ta rasuwa da ta ɗaurin aure da ta dabbar da ta ɓace. Wanda ya kai cigiya da hantsi bai tambaya ba, yana iya jin ta sai bayan la'asar. Don haka a faɗa tun a bakin ƙofa cewa ƙaramin yaro ne kuma yanzu abin ya faru, a roƙi a shigar da ita cikin shirin da ke gudana, sannan a sa a rubuta a bayan rasit ƙarfe nawa da nawa za a sake karantawa. Idan kuɗin karatu 6 ne a hannu, mun fi son a zuba 4 a ranar farko da safiyar gobe, maimakon a raba su ɗaya-ɗaya har mako. A nemi kuma a karanta da Barbarci da Fulatanci da Buzanci idan tashar tana da masu yi, musamman ranar Alhamis da mutanen ƙauye da na ruga ke cika kasuwa.

Kada uwa ko uba su je da kansu. Su ne suka san muryar yaron da inda yake son zuwa, su ne kuma zai ruga wurinsu idan ya hango. A aiki baffa ko kawu ko yayan da hankalinsa ke jikinsa, wanda ya ga yaron a ranar.

Inda cigiya ta fi lalacewa shi ne wurin rubutu, kuma laifin nan rabawa ake yi tsakanin mai kawowa da mai karɓa. Ga irin wadda kowa ya saba ji: ana cigiyar wani yaro ɗan kimanin shekara 4, baƙi, ba shi da tsawo sosai, yana sanye da riga da wando, duk wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka. Wannan siffar ta dace da rabin yaran Garin Malam. Mai shayi zai ji, ya ce Allah ya bayyana shi, ya ci gaba da firfita wuta, alhali wataƙila yaron ya wuce ta gabansa ɗazu.

Cigiyar da ke aiki tana farawa da wuri da lokaci, domin su ne ke tayar da tunanin mai sauraro: yau Alhamis, wajen ƙarfe 11 na safe, a layin masu atamfa na kasuwar Dole. Sai sunan da yaron ke amsawa. Wannan muhimmi ne ƙwarai, don yara da yawa ba su san sunansu na yanka ba, laƙabin da kaka ta sa musu kawai suka sani, kuma idan baƙo ya kira su da na takarda ko waiwayowa ba za su yi ba. Sai tufafi da launinsu daga sama zuwa ƙasa, har takalmi, ko a ce ba takalmi. Sai abin da ba ya cirewa: tsagar fuska idan akwai, tabon ƙuna da gefen da yake, giɓin haƙori, irin askin ko kitson, laya ko kambu ko guru a jiki, ɗan kunne. Sai yadda yake magana: ya iya faɗin sunan mahaifinsa da unguwarsu, ko bai iya ba, yana da in'ina, kurma ne, yana da farfaɗiya ko sikila da ke bukatar magani. A maimakon a ce gajere ko dogo, a ce kansa yana kai wa ƙugun babban mutum. Daga ƙarshe lambar waya, a karanta ta sau biyu a hankali, lambobi 8 ɗin biyu-biyu yadda muke faɗinsu. Mai karantawa nagari yana gama duk wannan cikin minti ɗaya, kuma ya san kada ya cinye rabin lokacin wajen jero sunayen dangin da suka aiko.

Abu ɗaya kuma a ɓoye shi da gangan. A zaɓi alama guda da tufafi ke rufewa, tabon da ke baya ko tawadar Allah a cinya, kada a faɗe ta a rediyo, kada a rubuta ta a WhatsApp. Amfaninta yana nan gaba.

Wayar da aka ba da lambarta ta zama guda ɗaya, a hannun mutum ɗaya, da caji da kuɗin kira, kuma kada a riƙa amfani da ita wajen amsa jaje. Mun san yadda wutar lantarki take a garin nan. A tanadi batirin ajiya tun kafin dare. Mai riƙe da wayar ya ajiye littafi da biro, duk kiran da ya shigo ya rubuta lambar da lokacin da abin da aka ce, ko da ya ga kamar shirme ne.

Yayin da ɗan aike ke hanyar tasha, aikin da ya fi gaggawa yana gida. A fara da ruwa. Damagaram gari ne na ƙarancin ruwa, saboda haka kusan kowane gida yana da tanki ko duro ko rijiya ko ramin ajiya, kuma ƙaramin yaro ba ya ihu idan ya faɗa ruwa. A duba su da fitila, a duba shadda da ramin da ba a rufe ba, a duba motar da aka ajiye a rana, da ƙarƙashin gado da bayan buhuna inda barci ke kwashe yara. Da damina a tura matasa bakin tabkuna da kududdufan da aka haƙi ƙasar tubali, a Birni kuma a bi tsakanin duwatsu. Idan akwai zargin ruwa ko rami, 18 ake kira, lambar ƴan kwana-kwana, kada a zura wani yaron cikin rijiya da igiya. Lasifikar masallacin unguwa ta fi rediyo sauri a cikin layuka goman farko, kuma ba ta da kuɗi. Mai unguwa ya sani nan take. Ƴan fada, wato matasan da ke zaman hira a kusurwa, da ƴan garuwa, da masu kabu-kabu na bakin layi, a nuna musu hoto ido da ido.

Ƙarfin rediyo na gaske yana ɗaya gefen ne, gefen "an tsinci yaro". Al'adar garin ce wanda ya tsinci yaro ya kai shi gidan mai unguwa, ko fadar Sarkin Damagaram, ko wurin ƴan sanda, ko tashar rediyo. Matar da ta ga yaro yana kuka a ƙofar gidanta a Zango, ta ba shi fura ta shimfiɗa masa tabarma, rediyon da ke gefen murhunta ne zai gaya mata ɗan wane ne. A ranakun cunkoso, Alhamis ko hawan salla ko Mauludi, wannan haɗin yana mayar da yara gida kafin magariba, kuma a nan hidimar ta cancanci kuɗinta har da ƙari. Shi ya sa muke cewa ɗan aiken ya tambaya a tashar ko an kawo sanarwar tsintuwa kafin ma ya biya tasa, sannan a raba mutane su saurari tashoshi daban-daban, domin wanda ya tsinta yana iya kai tasa wata tashar da ba ita kuka je ba. Kowace tasha da littafinta. Cigiya tana can, tsintuwa tana nan, kuma kunnen mai sauraro ne kawai ke haɗa su. Da tashoshin garin za su riƙa aika wa juna sanarwar yara a take, da an rage wa iyaye dare guda na kuka.

Wurin miƙa yaro akwai hatsarin da ba a cika magana a kansa ba. Sanarwar tsintuwa da ta zayyana komai, kaya da tabo da suna, ta ba kowane mai mugun nufi amsar jarrabawa. Ya isa a ce an tsinci yaro namiji ɗan wajen shekara 3 a unguwa kaza, mai shi ya zo da shaida. Wanda ya zo karɓa shi zai faɗi siffar, ya nuna katin shaidarsa a rubuta lambar, ya kawo takardar haihuwa ko katin rigakafi ko hoton da suke tare, a miƙa a gaban mai unguwa ko ɗan sanda. Kada a dogara da cewa yaron ya miƙa hannu. Ɗan shekara 2 da ya gaji da kuka yana miƙa wa duk wanda ya yi masa murmushi.

Lambar da aka karanta a rediyo kuma kowa ya ji ta, har da macuta. Salonsu sananne ne. Kira yana shigowa da dare, mai maganar ya ce yaron yana hannunsa a wani gari, ko ya gan shi a wata tashar mota, amma sai an turo kuɗin mota ko na mai ta wurin masu aika kuɗi. Yana maimaita siffar da ya ji a rediyo kalma da kalma, uba kuma zuciyarsa ta riga ta tafi. Nan alamar da aka ɓoye take aiki. A tambaye shi: akwai wani abu a bayansa, mene ne? A ce ya ba yaron waya, ko ya turo hoto yanzu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan kuwa kiran na neman fansa ne da gaske, kada a sake komawa rediyo da zancen, a tafi da lambar wurin ƴan sanda ko jandarmomi, su ne doka ta ba hanyar neman bayanin layi daga kamfanonin waya.

Wata iyakar rediyo kuma ita ce nisa. Muryar FM tana rufe gari da ƙauyukan kewaye, daga nan ta fara shashshaka. Mota kuwa ba ta tsayawa. Daga Damagaram hanya ta yi gabas ta Mirya zuwa Gure da Diffa, ta yi yamma ta Takeita zuwa Maraɗi, ta yi arewa ta Tanut zuwa Agadas, ta yi kudu ta Matamai zuwa Ɗan Barto ko ta Magarya, kuma cikin awa 2 zuwa 3 an kai iyakar Najeriya. Kano ba ta kai kilomita 250 daga nan ba. Wanda ke jin wannan nisa ne ya tuna da abin da ya fito a watan Oktoba na 2019, lokacin da ƴan sandan Kano suka gano yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onica a jihar Anambara, aka sayar, aka canza musu suna. Wasunsu sun yi shekaru a can, har Hausa ta fara kuɓuce musu. Ba mu kawo wannan don tsoratarwa ba, yawancin yaran da ake cigiya ba sace su aka yi ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa idan awa 2 ta wuce babu labari, dole a fita daga da'irar rediyon gari: a kai hoto tashoshin mota da kamfanonin bas, a ba shugabannin direbobi da ƴan kamasho, a aika cigiyar gidajen rediyon karkara na garuruwan da ke kan waɗannan hanyoyi. Shingayen hanya da jami'an iyaka kuwa ba sa aiki da abin da aka ji a rediyo. Suna aiki da saƙon da ya zo musu ta hannun hukumarsu.

Wannan ya kawo mu ga babban raunin cigiya, wanda ya sa muka rubuta wannan sharhi. Ba ta da ƙwaƙwalwa. An karanta, iska ta kwashe. Ranar da kuɗin ya ƙare sunan yaron ya fita daga jadawali, babu wanda aikinsa ne ya kira gida bayan mako ya tambaya ko an gan shi. Iyalai da yawa suna ɗauka cewa tunda duk gari ya ji, hukuma ma ta ji. Hukuma ba ta buɗe bincike da jin rediyo. Yaran da ɓatansu ya zama shiru na shekaru, sau da yawa idan aka bi sawu sai a tarar babu wata takarda da ke ɗauke da ranar da lokacin da sunan wanda ya gan su a ƙarshe, shaidun kuma sun manta ko sun bar gari.

Saboda haka a ranar farko, a cikin awannin farko, wani ya tafi kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko birgad, ofishin jandarmomi, idan a ƙauye ne. Lambar ƴan sanda 17 ce, amma kira ba ya maye gurbin zuwa. Ƙaramin yaro ba a jira masa kwana. A nemi sashen kula da yara da mata, a ba da bayani a rubuta, a karanta wa mai ƙara abin da aka rubuta kafin ya sa hannu, a karɓi lambar rajista da sunan jami'in da ke riƙe da maganar. A kai hoto biyu na kwanan nan, a bar ɗaya, a riƙe ɗaya. A faɗi gaskiyar gida ko da tana da nauyi: rabuwar aure da rigimar riƙo, bashi, baƙon da ya kwana, ɗan aikin da aka sallama. Yara da dama da ake cigiya suna hannun wanda suka sani, uban da ya ɗauke ba da sanin uwa ba, ko dangin da suka tafi da shi almajiranci ko bara. Jihar nan ta san zafin wannan: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, mafi yawansu daga yankin Kance. Irin wannan tafiya ba rediyo ke tsayar da ita ba. Nijar tana da dokar yaƙi da fataucin mutane mai lamba 2010-86 ta watan Disamba 2010, tana da hukumar ƙasa da ke wannan aiki, kuma a nan Damagaram aka buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto daga fatauci na farko a ƙasar, a 2019. Akwai alƙalin yara a kotu. Duk waɗannan ƙofofi da takardar farko ta kwamisariya ake buɗe su. Idan maganar ta tsaya, ana iya rubuta ƙara kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun gari.

A ranar kuma a leƙa sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa na Damagaram da asibitocin unguwa, domin yaron da babur ya buge ana kai shi can ba tare da suna ba. Idan alamu sun nuna an ƙetare iyaka, ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj (Red Cross) ta Nijar tana da aikin sada iyalai da suka rabu, musamman ta dalilin rikici ko hijira, kuma kyauta ne.

WhatsApp da Facebook suna cike giɓin da rediyo ba ta iya cikewa, wato hoto. Amma a rubuta kwanan wata da sunan gari a jikin hoton kansa, ba a saƙon da ke ƙasa ba, don saƙon yana yankewa wajen turawa, hoton ya ci gaba da yawo shekara da shekaru bayan yaron ya koma gida. Kada a sa hoton wanda ake zargi, kada a ambaci sunansa, a rediyo ko a waya. Kalmar "ɓarawon yara" a bakin taro tana kashe mutum kafin a tambaye shi, kuma sau da yawa wanda ake duka mai taɓin hankali ne, ko baƙo, ko ma wanda ya tsinci yaron yana neman gidansu. Banda haka, yaɗa zargin ƙarya ta waya laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2019.

Idan an ga yaron, a koma tashar a biya karatu ɗaya na godiya da janye cigiya, a koma kwamisariya a rufe maganar, a tura saƙon "an same shi" duk inda aka tura na farko. Mutane kaɗan ne ke yin haka, kuma rashin yin sa ne ke sa masu sauraro su daina ɗaukar cigiya da zafi.

Idan kuwa makonni sun zama watanni, amfanin rediyo yana canzawa amma bai ƙare ba. A daina ambaton tufafi, an daɗe da canza su. A tsaya a kan tabo da tsaga da laƙabi da sunan uwa yadda yaron ke kiranta, a faɗi shekarunsa na yanzu tare da na ranar da ya ɓace. A zaɓi lokutan da mutane ke dawowa gida daga nesa, kafin salla da farkon damina lokacin da ƴan ci-rani da almajirai ke komowa, domin su ne suka ga wasu garuruwa. Kada a bar layin wayar da aka ba da ya mutu. Kamfani yana karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ya ba wani. A haɗa takardar haihuwa da katin rigakafi da hotuna na asali da lambar rajistar kwamisariya da littafin kiraye-kirayen nan a cikin leda ɗaya, a ba mutum biyu na gida kwafi. Wanda bai yi wa yaron takardar haihuwa ba ya je kotu ya nemi hukuncin da ke maye gurbinta tun shaidun haihuwar suna raye. Duk wata kuma wani ya leƙa wurin jami'in da ke riƙe da maganar, idan an yi masa canjin wurin aiki a tambayi wanda ya gaje shi, a sake ba shi hoto.